Sawu a Ƙurar Kotun Ashby

Mama Ozella Broadnax ta rasu ranar Litinin tana da shekara casa'in da huɗu. Kowa a ƙauyenmu na Shiloh ya san inda za ta kwanta, wato gefen mijinta, a tsohuwar maƙabartarmu da ke cikin daji, hayin rafi. Ranar Talata masu haƙa kabari suka ɗauki shebur suka tafi, sai suka tarar an kafa ƙofar ƙarfe a bakin hanya, an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo sabo fil. Mista Dalton Kersey, farar fatar da ya sayi dajin bara don farauta, yana tsaye ta ciki. Ya ce musu takardunsa ba su nuna wata hanya ba, kuma shi ba ya son a riƙa korar masa barewa.

Mu kuwa mun san da hanya. Iyayenmu sun yi shari'a a kanta a 1968 da Hargrove, mai dajin na wancan lokaci, kuma su suka ci. An sa jana'iza ranar Asabar. Saboda haka Laraba da sassafe na kafa hular zuwa coci, na ce wa maigidana ya tada mota.

Sunana Vernell Tillery. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare. Maigidana Hosea mai bin sawu ne. In mutum ya ɓata a fadama, ko fursuna ya tsere, ko shanu suka fasa shinge, shi 'yan sandan gundumar Ashby ke nema.

"Malama, me zan yi a kotu?" in ji shi. "Takarda ba ta barin sawu."

"Ka riƙe min jaka," na ce.

Misis Darlene Pruitt ce magatakardar kotun gunduma, shekararta ashirin a kan kujerar. Ta leƙo mu ta saman tabarau.

"Me ake nema, Vernell?"

"Misis Tillery," na gyara mata. "Hukuncin shari'ar Cocin Shiloh da Hargrove nake so, na 1968."

"Wannan tsohon zance ba ya cikin kwamfuta. Ku samo lauya ya rubuto mana."

"Littattafan kotu na jama'a ne, ni ma kuma jama'a ce. Ina ake sa hannu?"

Ta turo min rajista ba don ranta ya so ba. Na sa hannu, muka shiga ɗakin littattafai. Akwai babban littafin sunaye da ke nuna wa mutum inda kowace shari'a take. Na bi layi da yatsa har na iske sunan cocinmu: littafi na arba'in da ɗaya, shafi na 217. Hosea ya sauko min da shi, nauyinsa ya kusa na buhun siminti. Na buɗe. Daga shafi na 216 sai na 219. A tsakani babu komai sai ɗan siririn gefen takarda da reza ta bari.

Hosea ya ajiye jakata, ya sunkuya, ya shafa gefen da babban yatsa.

"Fari ne tas," ya ce. "Sauran littafin duk ya yi ja. Wannan yankan bai yi wata ɗaya ba."

Muna nan tsaye sai ga Lauya Harmon Sikes ya shigo yana dogara sanda. Shekara hamsin ya yi yana shiga yana fita ginin nan kamar ɗakin uwarsa. Ya cire hula, ya yi mana ta'aziyya, ya dubi littafin ya girgiza kai.

"Abin takaici," ya ce. "Amma in ni ne ku, maƙabartar gari zan kai ta. Akwai ciyawa mai kyau, ana ba ta ruwa. Ta huta, ku huta."

"Ba ciyawa ta ce mana tana so ba, Lauya," na ce. "Mijinta ta ce."

Aka kira Sherif Gaines, shugaban 'yan sandan gunduma. Ya duba rajista. A cikin wata guda, mutum ɗaya ne kawai ya rubuta cewa littafi na arba'in da ɗaya ya zo dubawa. Cleophus Ware, dattijon cocinmu.

*

Kafin mu isa Shiloh labari ya riga mu. Mata suna ɗakin taron coci suna yanka ganye suna kwaɓa burodin masara saboda baƙin jana'iza, baki kuma yana aikinsa fiye da hannu.

"Ai biri ya yi kama da mutum," in ji 'Yar'uwa Eulalie. "Wa ke ciyar da karnukan Kersey safe da yamma? Cleophus ne."

"Ranar Lahadi ko waƙa bai iya ba da ita ba," wata ta ce. "Sai sunkuyar da kai."

"Kada ya kuskura ya taɓa akwatin Mama."

Hosea ya ɗauki gutsuren burodi ya ci, ya ce gishiri ya yi kaɗan, muka fita.

Mun iske Cleophus a barandarsa, sandarsa ta itacen goro tana jingine a gwiwarsa ta dama. Bai tashi ba.

"Kun zo kama ni ne, Ɗan'uwa Hosea?"

"In kama ka zan yi, da kare zan zo. Me ya kai ka kotu?"

Ya juya ya dubi titi.

"Sati uku ke nan. Ina zuba wa karnuka abinci na ji Kersey a waya yana zancen kafa ƙofa. Na ce bari in je in ga hukuncin nan da idona, in zo in faɗa wa coci."

"Ka gan shi?" na tambaya.

"Na gan shi, Malama, shafi biyu cif. Alƙali ya ce hanya a buɗe take har abada." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na kuma ga sunan wanda ya yi wa Hargrove shaida, ya rantse cewa ba a taɓa yin hanya a wurin ba. Mahaifina ne. Shekara saba'in da takwas ina duniya ban sani ba. Da wane baki zan tsaya gaban coci?"

"Shi ya sa ka yanke?" in ji Hosea.

Cleophus ya ɗago kai. "In da zan yanke, da sunana zan rubuta a rajista? Na tsufa, amma ban haukace ba."

A mota na ce wa Hosea amsar nan ba ta wanke shi ba, don yanzu ma ya sami dalilin yankewa.

"Haka ne," ya ce. "Amma kin ga hannunsa? Ko kofi ba ya iya riƙewa bai zubar ba. Wanda ya yi yankan nan hannunsa bai yi rawa ba."

*

Kersey muka nufa. Ya fito bakin ƙofarsa da bindigar farauta a rataye, ya yi mana magana ta tsakanin ƙarfe.

"An ga motarka a kotu satin jiya," in ji Hosea.

"Lambar mota na je sabuntawa. Ku tambayi ofishin. Ni ban ma san inda ɗakin littattafan yake ba. Ban zo garin nan don in yi faɗa da matattu ba, amma kafin in sayi dajin nan sai da Lauya Sikes ya bincika komai, ya rubuta min cewa babu haƙƙin kowa a kai. Ku kawo min takarda in gani."

"Za ka gani," na ce.

Hosea ya dubi ƙasa. Takalman mutumin yake kallo, manya-manya masu haƙora, har Kersey ya tsargu ya ja ƙafa baya.

*

Alhamis ƙarfe takwas muna bakin kantar Misis Pruitt. Hukunci a littafi yake, amma kowace shari'a tana da nata fayil, inda ake tara ƙara da shaida da kwafin hukuncin. Shi na ce a ba ni.

"Fayilolin wancan zamani suna ɗakin ƙasa," ta ce, "kuma ambaliyar 1994 ta cinye su."

"To mu ga inda ta cinye su."

"Ba a shiga ɗakin ƙasa."

"Wace doka ta hana? Karanta min ita in ji."

"Ki cika takardar buƙata, za mu ba ki amsa."

"Yaushe?"

"In mun samu sarari."

"Misis Pruitt, gawa ba ta jiran sarari. Ni na koya wa 'ya'yanki biyu karatu, kuma ban taɓa ce musu su dawo in na samu sarari ba."

Na jawo kujera na zauna daidai gaban kantar, inda duk mai son magana da ita sai ya tsallake ƙafata. Hosea ya zauna gefena ya buɗe ƙunshin soyayyen kifi. Ƙanshi ya cika ofis. Wanda duk ya shigo, ko neman takardar aure ya zo ko ta fili, sai na gaishe shi na ce masa an yanke shafi daga littafin jama'a kuma an hana jama'a ganin sauran. Ta ce za ta kira Sherif. Na ce ta taimaka ta kira, dama ina son shaida. Wajen sha ɗaya da rabi har mutum takwas sun tsaya suna sauraro, ciki har da wata mai rubuta labarai a jaridar gunduma. Misis Pruitt ta buɗe aljihun tebur ta fito da makulli.

Muka bi ta zuwa ɗakin ƙasa. A bakin matakala ta ƙarshe Hosea ya miƙa hannu ya tare mu.

"Kada wanda ya taka."

Ya kashe wutar ɗakin, ya kunna tocila, ya kwantar da ita a ƙasa yadda haske zai bi saman siminti. Ƙura ta shekaru ta kwanta a wurin kamar gari, kuma a cikinta ga sawu nan raɗau, ya shiga ya fito.

Ya fara haska bango. Alamar da ruwan ambaliya ya bari ba ta wuce idon sawu ba, katakon farko da aka jera akwatuna a kai kuwa ya kai gwiwa.

"Ruwan nan bai ci komai ba," ya ce.

Ya bi ta gefen bango a hankali har zuwa akwatin 1968. Murfin sauran duk ƙura ce, na wannan kuwa an share shi da hannu. Ya buɗe. Lambobin fayil suna bin juna, sai gurbi ɗaya, namu.

"Ga alamar sanda nan," in ji Misis Pruitt daga matakala. "Ai rajista ta faɗa. Cleophus Ware ne."

Hosea ya tsuguna ya daɗe a kan alamar. Ya ce in ba shi wayata, ya ɗauki hoto har shida, ya ajiye makullin mota gefe don a ga girma. Sa'annan ya miƙe.

"Misis Pruitt, wa kika ba makullin nan a watan nan?"

"Ba na ba kowa."

"To," ya ce. "Ki kulle. Kada a share."

Da muka hau sama na koma wa littafi na arba'in da ɗaya, don ban yarda an gama da ni ba. Na juya shi gaba da baya. A cikin bangon farko, can ƙasa, akwai wani ɗan hatimi da ya koɗe. Na karɓi tabaran Hosea na ɗora kan nawa. An rubuta cewa a 1974 an ɗauki hoton littafin shafi-shafi, an kai gidan adana tarihi na jiha. Wanda ya zo da reza bai karanta bango ba.

*

Juma'a da asuba na kama hanyar Atlanta, inda gidan adana tarihin yake, ni kaɗai, tafiyar awa uku. Hosea ya ce yana da aikin manjagara. A can wata mata ta zaunar da ni gaban na'urar duba hotunan littattafai, ta nuna min yadda ake murzawa, ba ta tambaye ni lauya ba. Shafi na 217 ya bayyana a gabana, da sa hannun alƙali, da sunan Ozella Broadnax a cikin masu ƙara. Tana da shekara arba'in da huɗu a lokacin, tana wanki a gidajen mutane, ta je ta tsaya gaban alƙali. Aka buga min kwafi aka danna masa hatimin jiha.

Ƙarfe huɗu na yamma na iso bakin ƙofar Kersey. Sherif Gaines ya tara kowa bisa roƙon Hosea: Cleophus, da Misis Pruitt, da Kersey, wanda ya zo da lauyansa Sikes. Rabin Shiloh kuma sun zo ba a gayyace su ba. An tsayar da motoci a bakin titi, don Hosea ya ce hanyar ta yi laushi. Kowa da ƙafa ya ƙaraso.

Na miƙa wa Sherif takardar. Ya karanta da ƙarfi har zuwa inda alƙali ya ce hanyar maƙabarta za ta kasance a buɗe, ba ƙofa ba shinge, ko dajin ya koma hannun wa. Fuskar Kersey ta yi ja. Ya juya ya dubi lauyansa.

"Kuskure ne irin na aiki," in ji Sikes. "Littattafai da yawa, ido kuma ya tsufa. Sai dai wannan bai gaya mana wanda ya yanke shafi ba. Rajista ta gaya mana."

"Ku dubi bayanku," in ji Hosea.

Sai a lokacin muka lura. Tun safe ya bi jar ƙasar da ke tsakanin titi da ƙofa da manjagara, ya yayyafa mata ruwa. Sawun kowa yana kwance a kai kamar an zana.

"Wannan na Mista Kersey ne," ya ce, yana nunawa da tsinke. "Takalmi mai haƙora. Bai taɓa shiga ɗakin ƙasa ba. Wannan na Dattijo Cleophus ne. Sandarsa itace ce tsirara, rami take yi, kuma a dama take faɗuwa." Ya matsa gaba. "Wannan kuma takalmin ofis ne. Sanda a hagu. Bakinta roba ne, zobe take bari, kuma zoben ya tsage a gefe ɗaya. Malama, ba Sherif wayar."

Sherif ya dubi hoton ɗakin ƙasa, ya dubi ƙasa, ya sake duban hoton. Zobe ne mai tsaga, a hagu, iri ɗaya sak.

"Lauya," ya ce, "ɗaga min sandarka."

"Sherif, ni na yi wa mahaifinka takardun gidansa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ɗaga min ita."

Bai ɗaga ba. Kersey ne ya fizge ta ya juya bakinta sama. Tsagar tana nan, jar ƙasa ta cika ta.

"Sati uku da suka wuce na ce maka zan kafa ƙofa," in ji Kersey. "Ka ce in kafa, babu abin da zai biyo baya."

"Sunana ba ya cikin rajista," in ji Sikes.

"Misis Pruitt," na ce, "lauyoyi suna sa hannu?"

Ta dubi takalmanta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ba sa sawa," ta ce. "Ya karɓi makulli wata ranar Litinin. Ya ce wasiyyar wani zai duba. Shekara ashirin yana karɓa, ban taɓa tambayarsa ba."

Sikes ya gyara wuyan rigarsa. Har a lokacin bai ga ya yi wani abin kirki na laifi ba.

"Shekara hamsin ban taɓa sa hannu kan abin da ya dawo ya cije ni ba," ya ce. "Ba zan bari sunana ya ɓaci saboda wata hanyar daji da ba a bi sai sau ɗaya a shekara ba."

"Sunan Cleophus fa?" na ce. "Kana tsaye aka ɗora masa."

Sherif ya kama Sikes a gwiwar hannu ya kai shi mota. Daga baya an sami fayil ɗin a aljihun teburinsa, da shafin a ciki. Ko ƙona shi bai iya yi ba, lauya ne.

'Yar'uwa Eulalie ta matsa kusa da Cleophus ta fara kame-kame. Ya ɗaga mata hannu.

"Tsaya, 'yar'uwa. Akwai abin da ya rage, gara ku ji daga bakina." Ya fuskanci jama'a ya gaya musu abin da mahaifinsa ya yi a 1968, bai rage komai ba.

"Ai Mama ta sani," in ji Lenora, babbar 'yar Mama Ozella. "Tana cikin kotun ran nan. Hargrove ya ce zai kore ku daga gona in mahaifinka bai rantse ba, ga shi ku 'ya'ya tara ne a gida. Ita ce kuma ta tsaya kai da fata sai da aka naɗa ka dattijon coci. Kai za ka ba da waƙa gobe."

Kersey ya zaro makulli daga aljihu ya miƙo ta tsakanin ƙarfe.

"Ga shi. Ku riƙe, in kun gama ku kulle."

Babu wanda ya miƙa hannu.

"Mista Kersey," na ce, "alƙali bai ce a ba mu makulli ba. Cewa ya yi ba ƙofa."

Ya dubi Sherif. Sherif ya ɗaga masa takardar kawai. Hosea ya je mota ya dawo da sifana. Maza huɗu suka kama, Cleophus ya jingina sandarsa ya sa nasa hannun mai rawa, aka ɗaga ƙofar da sarƙarta da kwaɗonta aka kwantar da ita cikin ciyawa. Masu haƙa kabari suka wuce da shebur a kafaɗa tun rana ba ta faɗi ba.

Asabar da hantsi muka bi hanyar nan da Mama Ozella, mutum fiye da ɗari biyu, Cleophus a gaba yana ba da waƙa muna amsawa. Muka haye rafi, muka kwantar da ita a hannun daman mijinta, inda ta ce.